Kwatancen Gidanmu a Wayar Baƙo

A Dogon Dutsi gida ba ya da lamba. In za ka zo wurinmu sai an yi maka kwatance: ka sauka tasha, ka ba gudro, wato titin kwalta, baya, ka bi ta gaban mai tuyar fara, in ka kai masallacin da ba a gama yi wa shafe ba ka karya hagu, za ka ga bedi, wato itacen dogon yaro, wanda ya karkace, shuɗiyar ƙofar da ke kallonsa ita ce tamu. Tun ina ƙarama haka nake jin Inna tana faɗa wa dangi, ni ma haka na taso ina faɗa. Ban taɓa jin tsoron wannan kwatance ba sai shekarar da ƙanena ya ɗauke shi ya sa cikin wasan waya.

Mu uku ne a gidan tun rasuwar Baba: Inna, ni da ƙanena. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" nake a bakinta, in kuma da baƙi sai in zama "waccan". In aka yabe ni a gabanta sai ta kau da kai ta kama zancen damina. In na kwanta ciwo ita ke dafa magani, amma ƙanena take ba ya miƙo mini, kamar daga sama ya faɗo. Na san kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu, ba ƙiyayya ba, sai dai sanin bai hana ni jin haushi wani lokaci ba. Akwai maganganu da yawa da ba sa shiga tsakanina da ita, kuma zancen samari ne na farkonsu.

Ƙanena ya yi karatun na'ura a Yamai ya dawo da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, mai gurnani kamar injin niƙa. Aiki bai samu ba, sai ya ce shi wasa zai ƙera, irin wanda ake bugawa a waya. Na ce masa to, Allah ya sa a ci da shi. Wasan nasa na zance ne. Kai ne saurayin, amma ba ka ganin kanka, da idonsa kake kallo, hannuwansa kawai kake gani a ƙasan gilashin. Ka sauka a tasha, ka taka da ƙafa, ka sayi abin da za ka riƙe wa budurwa, ka gaida dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, in ba ka gaishe su ba ka tarar da ƙofar gida a rufe. In ka yi sallama sai ta fito da tabarma da ruwa. Daga nan hira ce, kana zaɓen abin da za ka ce. Ka cika yabo ta tashi ta shige gida, ka yi shiru da yawa ta tambaye ka ko gaisuwar mutuwa ka zo.

Wata rana ina gyara takardun yarana na lekol, don koyarwa nake yi, ya zo ya tsuguna gabana yana murmushin da na san na roƙo ne.

"Yaya, muryarki nika so."

"Muryata? Ka yi mi da ita?"

"Budurwar wasan ba ta da baki. Na gwada muryar na'ura, kamar mai sanarwar ɓatan akuya a radiyo. Ke ko kin iya wulaƙanta mutum cikin daɗi."

Na ɗaga littafi zan kwaɗa masa ya goce. Amma maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yarda, da sharaɗi guda: kada wasan ya shiga wayar kowa a Dogon Dutsi, ko Tibiri, ko Ɗan Kassari inda dangin Inna suke, ko duk inda aka san muryata. Abin da nake tsoro a lokacin shi ne wani uban ɗalibina ya ji malamar ɗansa tana yi wa saurayi kwarkwasa. Ya rantse mini cewa mutanen nesa kaɗai zai ba su gwada, waɗanda ba su taɓa jin na yi tari ba.

Shi kuma da ya ga ba ɗan garinmu da zai buga, sai ya saki jiki. Maimakon ya ƙirƙiro gari, ya fita da wayarsa ya ɗauki hotunan hanyar gidanmu ya zana ta yadda take. Sunan garin ne kawai bai sa ba. Budurwar ya laƙa mata wani suna, fuskarta ma ba tawa ba ce, amma mai tuyar fara tana nan da baƙar tukunyarta, masallaci yana nan, bedi yana nan a karkace, kuma ta bayan rufin gidaje ana hango dutsen garinmu a tsaye. Na gani da idona, na ma yaba masa. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa mun rufe wa maƙwabta ido ne mun ba baƙi kwatance.

Da damina muka ɗauki muryar, da rana, in Inna ta tafi barka ko kasuwa. Yakan lulluɓe ni da bargo a cikin ɗaki don kada kukan kaji ya shiga, ni ga zufa ga mura da ta kama ni a lokacin. Na ce "sannu da zuwa", na ce "ya hanya", na ce "ga ruwa ka sha", na yi dariya iri iri har cikina ya ƙulle. Inda muka tsaya shi ne inda saurayin ya tambaye ta ko tana son sa, ita kuma ta ce, "Ka dawo jibi, in ba ka amsa." Daga nan gilashi ya yi baƙi, rubutu ya fito cewa ana kan aiki. Sauran, in ji ƙanena, sai ya ji abin da masu gwaji za su ce.

Ya buɗe musu gurup a waya, suka dinga turo saƙon murya. Da farko abin dariya ne, nakan zauna kusa da shi bayan la'asar mu saurara. Wani ya ce akuyar da ke bakin masallaci tana ratsa bango ta fita ta ɗaya gefen. Wani ya ce hannun saurayin yatsa shida gare shi. Wani ya yi ta masifa wai yarinyar girman kai gare ta, ya kai mata dabino ta ce ba azumi take ba. Wata mata ta ce ita ba ta ga dalilin da ba za a bar mutum ya zama budurwar ba, ta kori saurayin da tsintsiya. Wannan na ce a ba ta lada.

A cikinsu akwai wani da ƙanena ya fi so. Hausarsa ta gabas ce, ba tamu ba, muryarsa a sanyaye, ba ya gaggawa. Ya ce gadi yake yi a gindin wata antenar sadarwa a daji, shi kaɗai, ga faifan hasken rana na sa wa waya wuta, ga lokaci ba abin yi da shi. Saƙonsa kullum da sallama yake farawa, ya tambayi lafiyar gida, sannan ya jero gyare-gyare a tsare. Shi ne ya lura inuwar bedin tana faɗuwa gabas da safe, alhali yamma ya kamata. Shi ne ya lura in ka tsaya a bakin ƙofa ba ka yi sallama ba, ana jin ƙarar turmi daga ciki amma ba ta taɓa tsayawa, kuma ba macen da ke daka haka ba hutu. Ƙanena har tsalle yake yi. Yakan ce mutumin nan ya fi malamansa na Yamai amfani.

Ranar da na fara tsarguwa, saƙon bai bambanta da sauran ba. Ya gama maganar inuwa da turmi, sai ya ce, "Sannan a dariyarta ta biyu, wadda take yi in an kawo mata fara, tana jan hanci kaɗan. Mura take yi. Ta samu ta sha magani kuwa?"

Ƙanena ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Ni kaina ban san na ja hanci ba. Na sa ya kunna mini wurin, sai da na saurara sau da yawa kafin na ji shi, ɗan ƙaramin sauti ne tsakanin dariya da numfashi. Na zauna ina tunanin sau nawa mutum zai saurari dariyar mace kafin ya ji wannan.

Daga nan saƙonninsa suka sauya a hankali. Ya daina cewa "budurwar wasan", sai "ita". Ya daina cewa "saurayin", sai "ni". Ya ce ya gano in ya gaida dattawa, ya sayi fara, ya yi shiru bayan ta ajiye ruwa, ta fi sakewa da shi. Ya ce ya gwada ɓata mata rai sau ɗaya don ya ga abin da zai faru, kuma ya yini bai ci abinci ba. Sauran 'yan gurup suka fara yi masa tsiya, suna kiransa ango, bai taɓa tanka musu ba. Tambayarsa guda ce a ƙarshen kowane saƙo: yaushe za a ƙarasa?

"Ta ce in dawo jibi," in ji shi. "Na dawo, na sake dawowa, gilashi baƙi kawai nake tararwa. Bai kamata a bar mutum a tsaye a ƙofa haka ba."

Na ce wa ƙanena ni na gama, ba zan ƙara ɗaukar ko kalma ɗaya ba. Ya yi ta magiya, wai in aka ba mutumin amsarsa zai huce. Na ce wace amsa? In ta ce tana so, na shiga uku. In ta ce ba ta so, ban san abin da zai yi ba. Ya ce ina da ƙara wa abu gishiri, mutumin yana can wata uwa duniya. Muna cikin wannan ja-in-ja saƙon da ya firgita ni ya shigo daga gare shi.

"Dutsen nan da ake hangowa bayan gidaje, na san shi. Na taɓa wucewa ta gabansa a mota, hanyar Yamai. Ban san cewa garinku ne ba."

Na zauna a bakin gado. Ƙanena ya daina dariya. A ranar ya fitar da shi daga gurup ya toshe lambarsa, ya zauna ya mai da ƙofar wasan koriya, ya miƙar da bedin, ya tura wa sauran sabon zubi. Mun ɗauka mun yi dabara. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga wata lamba, muryar nan dai mai sanyi, da sallamarta da tambayar lafiyar gida. Wani ɗan gurup ne ya ba shi sabon, don tsiya ko don tausayi, ban sani ba.

"Na ga an sauya ƙofa. Ku mai da ta shuɗiya. Da ba ƙofar gaske ba ce, ai da ba ku ɓoye ta ba."

Tun daga ranar tsoro ya zauna mini. Hanyar da nake bi kullum daga lekol zuwa gida ita ce hanyar wasan, sai na zama ina tafiya cikin abin da wani ke riƙe da shi a hannu. Duk namijin da na gani a tasha da waya a gaban ƙirjinsa sai in kauce masa. Na daina magana a titi. A kasuwa da yatsa nake nuna abin da nake so, har mai tuyar fara ta tambaye ni ko haƙori ke damuna, na gyaɗa mata kai. A aji kuwa, ni da ake ji na daga ƙofar lekol, na koma ina rufe tagar da ke kallon hanya ina koyarwa ƙasa ƙasa, yaran baya suna cewa ba su ji ba. Fuskata bai sani ba, sunana bai sani ba. Muryata kaɗai ya sani, kuma da ita nake cin abinci.

Na je wa Inna da maganar fenti. Na ce ƙofar nan ta koɗe, a bari in sa a shafa mata wani launi. Ta ɗago ta dubi ƙofar, ba ni ba.

"Ubanku yas shafa ta da hannunai. Ta koɗe ta gaji, haka za ta zamna."

Na so in faɗa mata dalili. Ta ina zan fara? In ce mata na shiga bargo na yi wa mazan da ban sani ba kalaman zance? Ni da ko sunan wanda ya taɓa zuwa wurina hira ban taɓa furtawa a gabanta ba? Na ce to, na koma ɗaki. Na ji haushinta, na ji haushin ƙanena, na ji haushin Baba ma da ya rasa launin da zai zaɓa sai wanda ake hangowa tun daga masallaci.

Sai mutumin ya yi shiru. Damina ta wuce, aka shiga kaka, ba saƙo ba kira. Ƙanena ya fara cewa, "Kin gani? Ya gaji ya bari." Ni shirun ya fi maganar tayar mini da hankali, don lokacin da yake turo saƙo aƙalla na san yana gindin antenarsa.

Ran nan Asabar ce, ba lekol. Ƙanena ya tafi Ɗan Kassari taya kawu ɗauko wake daga gona. Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince wake a faifai, Inna tana gefen murhu. Sai aka yi sallama daga zaure.

Kafin ya kai ƙarshen sallamar na gane shi. Muryar ta fi ta waya kauri kaɗan, amma ita ce, da sanyinta da rashin gaggawarta. Faifan ya zame daga cinyata, wake ya watse. Inna ta harari waken, ta amsa sallama, ta gyara mayafi ta nufi zaure. Na so in riƙe ta, na so in ce kada ta je, amma har ta kai zaure. Ina jin su daga inda nake. Ya gaishe ta gaisuwa mai kyau, har da tambayar amfanin gona. Sannan ya ce ya zo wurin wance, ya faɗi sunan da ƙanena ya laƙa wa budurwar wasan.

"Babu mai wanga suna nan gida, ɗana. Wa yab ba ka kwatance?"

"Ba wanda ya ba ni, Inna. Na san hanyar. Daga nesa nake, tun jiya nake cikin mota."

A gidanmu ba a barin wanda ya sha hanya ya juya da ƙishirwa, ko ɓatan kai ya yi. Inna tana ba makiyayi ruwa, tana ba mahaukacin tasha, ta taɓa ba wanda ya zo rigimar iyakar fili da Baba, ya sha ya ci gaba da rigimarsa. Saboda haka na san abin da zai biyo baya tun kafin ta ɗaga murya.

"Ke! Kawo ma baƙo ruwa da tabarma."

Na tsaya a gaban randa da moɗa a hannu. In na ƙi fita sai na yi bayani, kuma in na yi bayani daga tsakar gida zai ji muryata. Na ce a raina zan kai in ajiye in juyo, ba zan ce uffan ba, fuskata ai bai sani ba. Na ja mayafi har goshi na fita.

Na yi ta zana shi a raina da jajayen idanu da ƙaton jiki. Wanda na tarar siriri ne, ba yaro ba ba tsoho ba, kayansa wankakku da guga, takalminsa sabo har ya ci masa dunduniya. Hannu ɗaya waya ce mai fasasshen gilashi, ɗayan kuma ƙullin fara a leda. Irin mutumin da za ka zauna kusa da shi a mota ka ba shi ajiyar jakarka. Ganin ledar farar nan ne ya fi tsorata ni, don na san ya tsaya inda ake tsayawa, ya sayi abin da ake saye, ya gaida dattawan masallaci, ya yi komai yadda wasan ya koya masa.

Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa na ajiye moɗa, na yunƙura zan tashi.

"Ke, bakinki ciwo shikai? Ba ki gaida mutane?" in ji Inna.

Na tsaya a durƙushe ina laluben gaisuwar da ban faɗa a cikin bargo ba. Sannu da zuwa, na faɗa. Ya hanya, na faɗa. Ya gajiya, ga ruwa, duk na faɗa, duk suna cikin wayar da ke hannunsa. Ba abin da ya rage mini. Inna tana jira, shi ma yana jira. Na shaƙe maƙogwaro na ƙanƙance murya na ce, "Sannu."

Sai ya lumshe ido. Bai dube ni ba ma, ya rufe idanunsa ya ɗan karkata kai, ya yi murmushi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Murar ta sake ki."

Ya buɗe ido, ya ɗauki moɗar, ya ce a hankali, "Kin ce in dawo jibi. Ga ni na dawo."

Inna ta juyo ta dube ni. Ban tuna ranar da ta taɓa kallon cikin idona haka ba. Ita ta dafa mini ganyen murar nan da damina, ta san ba wanda ya san da ita sai mu uku. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ba ta tambaye ni komai ba. Ya kai moɗar kusa da baki ke nan ta sunkuya ta karɓe ta daga hannunsa, ta juya ta tuntsurar da ruwan a gindin bango. Na ji ƙarar zubarsa a ƙasa, na ga ƙasar tana shanye shi. A rayuwata ban taɓa ganin an karɓe ruwa daga bakin baƙo ba, kuma ban taɓa zaton a hannun Inna zan gani ba.

Ta kama wuyan hannuna ta fizge ni na koma bayanta, ba ta saki ba.

"Wagga ɗiyata ta," ta ce. "Ta fari. Ba ta yi ma kowa alkawali ba, ba ta da amsar kowa. In kana da magana, ga ni."

Ta ɗaga kai ta ƙwala wa dattawan masallaci kira. Mutumin bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi gane masa. Ya dubi hannunsa da babu moɗa, ya dubi Inna da mamaki, kamar ya taka matakalar da ya saba takawa ya ji babu ita. Ya miƙe, ya ajiye ledar fara a kan tabarma, ya yi mana sallama da ladabi ya fita. Ta ƙofar zaure na hango shi ya tsaya a gindin bedi, yana duban waya yana duban ƙofarmu. Kafin dattawa su iso ya bi hanyar tasha.

Da muka koma ciki na faɗa wa Inna komai, ina kuka, kaina a ƙasa. Ba ta zage ni ba. Ƙanena ne ya sha faɗa da ya dawo, a wurin Inna, da kawu, har da mai unguwa da aka kai wa maganar. Dattawan masallaci suka ce ai yaron ya gaishe su gaisuwar da 'ya'yan unguwa ma ba sa yi, shi ya sa ba su kawo komai a rai ba, amma daga yau duk baƙon da ya karya hagu sai ya faɗi wurin wa ya zo. Ƙanena ya rufe gurup, ya goge hanyar daga ordinatarsa. Shi da kansa ya ce mini wanda ke cikin wayoyin mutane ba shi da yadda zai yi da shi.

Bayan 'yan kwanaki na ga ƙanena yana kauce wa idona, na san wani abu ya shigo. Na matsa masa sai da ya miƙo wayar. Sabuwar lamba ce. Sallama, tambayar lafiyar gida, sannan gyare-gyare a tsare kamar yadda ya saba.

"Hanyar daidai take, ban ɓata ko sau ɗaya ba. Bedin ya fi na wasan girma, a ƙara shi. Muryarta daidai, ba a taɓa ta. Gyara ɗaya ne babba. Tsohuwar nan ba ta cikin wasan. Ku cire ta, sai in dawo."

Na saurara sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Da kaina na kai wa Inna wayar, don wannan karon ban ga kunyar da za ta hana ni ba. Ta saurara har ƙarshe, ta tambayi me yake nufi da a cire ta, na faɗa mata. Na roƙe ta mu tafi Ɗan Kassari mu zauna wurin kawu ko zuwa rani ne, na roƙe ta a shafe ƙofar. Ta miƙa mini wayar, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugune da faifan wake, ta wuce zaure ta zauna tana fuskantar hanya.

Can take zama yanzu kowace la'asar, da tsinta ko kaɗi ko hannu biyu kawai. Ƙofar tana nan shuɗiya. Ta koma kirana "ke", kamar ba ita ta faɗi abin da ta faɗa ba, ni ma ban taɓa tuna mata ba. Ƙanena bai ƙarasa wasan ba, budurwar tana nan inda muka bar ta. Mutumin bai dawo ba har yau, kuma ba wanda ya ce mini ba zai dawo ba.

Da can in namiji ya yi sallama kaina nake ji wa tsoro. Yanzu Inna ce ke amsawa daga zaure, ni kuma sai in tsaya cak da abin da ke hannuna har sai na ji ta yi dariya ko ta ambaci sunan mai sallamar. In ta jima ba ta ce komai ba, ajiye abin nake yi in fita da gudu.